Riƙon kare mai lotsattsen hanci a zafin Damagaram

Ni direba ne, na yi shekaru ina tuƙa motar wani furoje na kiwon lafiya a nan Damagaram. A gidanmu tumaki da kaji aka sani, ban taɓa kiwon kare ba. Da aikin matar da nake tuƙawa ya ƙare, wata Baturiya da muke kira Madam, sai kamfanin jirgi ya ƙi ɗaukar karenta. Kamfanonin jiragen sama da yawa ba sa yarda su sa karnuka masu lotsattsen hanci a ɗakin kaya, domin numfashi kan gagare su a can su mutu, shi kuma wannan ƙibarsa ta wuce nauyin da ake bari a shiga da shi wurin fasinjoji. Lokaci ya ƙure mata, ta roƙe ni in riƙe shi kafin ta samo hanya, za ta riƙa aiko da kuɗin abinci da magani. Na karɓa a watan Nuwamba. Ta miƙo mini buhun abincinsa, da wata igiya mai zagaya ƙirji, da ɗan littafin rigakafi da ake kira karne. A ciki an rubuta irinsa Carlin, wanda masu Ingilishi ke ce wa pug. Yarana suka sa masa Guntu. Ina rubuta wannan ne saboda lokacin da na shiga lamarin ban sami ko mutum guda a garin nan da zan tambaya ba, kuma yanzu na fara ganin irin karnukan nan a hannun wasu.

Kafin kowane ofis, wurin malamin unguwarmu na fara zuwa, don uwargida ta ce ba za a shigo mata da kare gida ba sai ta ji daga bakinsa. Na ce, "Allah gafarta Malam, amana ce aka bar mini, kuma ba karen gadi ba ne, ba na farauta ba." Ya ce a mazhabarmu ta Malikiyya jikin kare mai rai ba najasa ba ne, amma kwanon da ya sa baki a wanke shi sau bakwai, kuma an hana ajiye kare haka kawai ba don farauta ko kiwo ko gona ba. Ya ce tunda riƙo ne aka ba ni, ban nema ba, in yi masa wuri a tsakar gida, kada ya shiga ɗakin kwana da wurin salla, kada kuma in bar shi da yunwa ko ƙishirwa, ya tuna mini hadisin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. Da wannan aka shawo kan uwargida. Na kafa masa 'yar rumfa ta zana a gindin dalbejiya, kwanonsa daban, bokitinsa daban.

Abin da Madam ta fi nanatawa shi ne ranar allurar haukan kare, wadda za ta cika a farkon Disamba. Ta yi mini bayani cewa kafin kare ya shiga Turai daga ƙasa irin tamu sai an ɗebi jininsa kwana 30 aƙalla bayan allura, an gwada a ɗakin binciken da suka amince da shi, sannan a jira wata 3. An riga an yi wa Guntu wannan gwajin, kuma yana nan daram matuƙar ba a bar ranar allura ta wuce ba. Idan ta wuce, sai a koma farko. Don haka na ɗauke shi da karnensa na nufi ofishin likitocin dabbobi tun da sauran mako guda. Abu na farko da mutum zai sani shi ne wurin nan don shanu da tumaki da raƙuma aka tsara shi. Na tarar da layin masu raguna, da wani Bafillace da ya zo da maraƙi a amalanke, kowa ya bar abin da yake yi yana kallonmu. Baba mai gadi ya leƙa ya ce, "Wannan kuma kare ne ko me?" Ya ce manyan likitocin sun fita daji rigakafin dabbobi, sai la'asar. Na zauna a inuwa har na ga Guntu ya fara haki da ƙarfi, na karɓi lambar wayar likita daga hannun mai gadin na koma gida. Wannan lambar ita ce abu mafi amfani da na samu ranar. Tun daga nan ban sake fita da shi ba sai na kira na ji likita yana nan.

Da muka yi magana a waya, likitan ya ce in zo da sassafe, in biya ta farmasin dabbobi in sayi allurar, in kawo ta cikin 'yar kula da ƙanƙara. Nan ne wuri na biyu da mutum kan rikice. Allurar rigakafi ana ajiye ta ne a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, in ta yi zafi ta lalace ko da kwalbar tana nan da kyaunta, kuma ba a son ta daskare, don haka sai a naɗe ta da tsumma kada ta taɓa ƙanƙarar kai tsaye. Na duba na ga daga firji mai aiki aka ciro ta, na duba ranar lalacewarta. Jika 5 na biya, wato sefa 5,000. Ɗaya allurar, wadda ke haɗa rigakafin cututtuka da dama ciki har da mai sa kare zawo da jini, ba a same ta a gari ba, sai da aka yi odarta daga Yamai ta zo a motar fasinja cikin kula, ta ci jika 15 har da kuɗin aike. Ganin likita jika 2, maganin tsutsar ciki jika 1, wanda ake maimaitawa duk wata 3. Bayan allura likitan ya ɓare 'yar takardar da ke jikin kwalba mai lambar magani ya manna a karne, ya rubuta kwanan wata, ya sa hannu, ya buga hatimi. Kada kowa ya bar wurin sai ya ga abubuwan nan huɗu a shafin, domin allurar da ba ta da su, a idon hukuma ba a yi ta ba. Ya kuma duba lamba mai alƙaluma 15 ta 'yar na'urar da aka dasa masa a ƙarƙashin fata, ya kwafe ta a rajistarsa. Ya ce mini haukan kare yana kashe mutane kusan 59,000 a duniya duk shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma in wani kare ya ciji yaro, ko namu ko na titi, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 sannan a ruga asibiti, kada a tsaya shafe-shafe.

Na ɗauka an gama, sai ya ce, "Malam, zauna. Tun da kuka shigo nake jin ƙarar numfashinsa." Na ce ai haka yake, ko barci yake yi sai an ji munsharinsa daga ɗaki, yara ma dariya suke yi. Bai yi dariya ba. Ya zare ƙwayar bik ɗinsa ya miƙo mini bututun, ya ce in toshe hancina in yi numfashi ta cikinsa. Ban daɗe ba na cire. Ya ce to haka wannan karen yake rayuwa dare da rana. Ya ɗaga fuskar Guntu ya nuna mini ƙofofin hancinsa, 'yan tsaga ne kawai, suna ƙara matsewa duk lokacin da ya ja iska. Ya ce masu kiwon irin nan sun yi ta zaɓen masu gajeren hanci suna haɗa su har ƙashin fuska ya taƙaice, amma naman da ke ciki bai taƙaice ba. Harshe yana nan da girmansa, naman ganɗa mai laushi ya yi tsawo yana faɗawa kan maƙogwaro, shi ne ƙarar da muke ji. Kare kuma ba ya gumi a jiki yadda muke yi, sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa. Da haki yake fitar da zafi, iska tana bi ta hanci da harshe tana ɗauke shi. Karen gida mai dogon baki yana da wannan hanyar a buɗe, Guntu ba shi da ita. Daga baya na karanta cewa kwalejin likitocin dabbobi ta Landan ta fitar da bincike a 2022 wanda ya nuna irin wannan kare ya ninka sauran karnuka kusan sau 54 wajen samun wannan toshewar numfashi, sau 13 wajen gyambon ido, kusan sau 11 wajen ruɓewar fata a cikin ninkin fuska. Duk ukun nan sai da na gan su da idona.

Aka ɗora shi a sikeli ya haura kilo 10, alhali irinsa bai kamata ya wuce kilo 8 da 'yan kai ba. Likita ya ce kitsen wuya da na ƙirji yana ƙara shaƙe shi, kuma rage ƙiba shi ne maganin da ke hannuna wanda ba ya cin ko dala. Ya fi komai wuya kuwa. Guntu bai san ƙoshi ba, kuma yana da wani kallo da yake yi wa mai cin abinci, ya karkata kai ya zuba ido, har sai mutum ya ji kunya ya jefa masa. Sai da na kafa doka a gida. Sau biyu a rana, da ƙaramin kofi ake aunawa. Da buhun Madam ya kusa ƙarewa muka koma haɗawa: rabi abincin kanti da nake sa a sayo mini daga Yamai ko Kano, rabi shinkafa da kabewa da karas da ɗan nama ko ƙwai, dafaffe ba gishiri ba magi ba yaji. Ragowar miyarmu ba ta zuwa kwanonsa, saboda albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. Haka cakulan da inabi, haka goro, wanda sai da na roƙi tsohuwarmu ta daina tofar da tukarsa a tsakar gida. Ƙashin kaza dafaffe ma an hana, yana tsagewa ya soki hanji. Igiyar ƙirjin nan da na ɗauka ƙawa ce irin ta Turawa, likita ya ce kada in kuskura in sauya ta da ta wuya, don jan wuya yana danne maƙogwaro, kuma idanunsu ba su zauna can cikin rami ba, matsi mai ƙarfi na iya turo ido waje.

Ido ne ya fara kai mu komawa. A tsakiyar hunturu, lokacin da ƙura ke rufe gari har ba a hango duwatsun Birni sosai, na tashi da safe na ga idonsa na hagu a runtse, hawaye na zuba, yana goga shi a jikin zana. Wani maƙwabcina, da kyakkyawar niyya, ya kawo mini ragowar maganin ɗigawa da aka rubuta wa ɗansa. Na ɗauki hoton kwalbar na tura wa likita ta WhatsApp, sai ga kiransa nan take: "Kada ka ɗiga! Kawo shi yanzu." Maganin yana ɗauke da sinadarin deksametazon, wanda in akwai rauni a kan ƙwayar ido yana hana shi warkewa, har ya zurfafa idon ya fashe. A ofis ya ɗiga masa wani ruwa mai launin lemo, ya wanke, ya haska da tocilan. Sai ga wani ɗigo kore shar a tsakiyar baƙin idon, bai kai ƙwayar gero biyu ba. Ya ce wannan shi ne gyambon, rinin yana kama wurin da fatar ido ta ɗaye ne kawai. Ya rubuta mini ordonas, wato takardar magani, na sayi maganin ɗigawa mai kashe ƙwayoyin cuta da ruwan wanke ido a farmasin mutane, duka jika 6. Sai kuma abin da zai hana shi sosawa. Ba a sayar da wannan mazurarin da ake sa musu a wuya a nan, don haka muka yanke gindin ƙaramin bokitin roba, muka naɗe bakin da tsumma, muka ɗaure a jikin igiyar ƙirjinsa. Ya yi ta karo da bango yana fushi. Ɗigawar sau da yawa ce a rana, babbar 'yata ce ta ɗauki nauyinta idan na fita aiki. Da muka koma aka sake ɗiga rinin, kore bai fito ba. Tun daga lokacin, duk ranar da hazo ya yi yawa a rumfa yake wuni, ana wanke masa ido da yamma, kuma na sare duk wata ƙaya da busasshen reshe da ke daidai tsayin fuskarsa.

A wannan zuwan ne likita ya buɗe ninkin fatar da ke saman hancinsa da yatsa, wari ya bugo ni. Ciki ya yi ja, ya jiƙe, ƙura da hawaye sun taru sun yi baƙi. Wannan aikin kullum ne: a jiƙa auduga da ruwa mai tsabta a goge cikin ninkin, sannan a bi da busasshiya, domin damshin da aka bari shi ne ke ruɓar da wurin. Minti biyu ne, amma in aka yi sakaci mako guda sai an sayi magani.

Sai bazara ta shigo. Wanda ya san Damagaram a Afrilu da Mayu ya san abin da nake nufi: rana ta haura digiri 40, duwatsu da katangu su riƙe zafin har tsakar dare, famfo ya ƙafe, 'yan ga-ruwa su yi tsada. Tun a Maris likita ya sa na sayi ma'aunin zafin jiki a farmasi ya koya mini auna shi ta dubura. Ya ce zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin 38 da 39 da 'yan kai, in ya kai 41 ana maganar rai da mutuwa. Wata ranar Juma'a ana azahar aka ɗauke wuta, fankar da na ja masa zuwa rumfa ta tsaya, ni kuma ina masallaci. Na dawo na tarar da uwargida, wadda da ko kallonsa ba ta son yi, a tsugune kansa tana kwara masa ruwan randa da moɗa. Yana kwance a gefe, harshe a waje ya koma shuɗi-shuɗi, yawu mai kauri na dalala, ƙarar numfashinsa ta sauya ta zama wani siririn fito. Ya yunƙura zai tashi ƙafafun baya suka ƙi. Na auna, 41 da ɗigo 3. Na kira likita hannuna na rawa. Ya ce, "Kada ka ɗauko shi tukuna. Sanyaya shi a nan, sannan ka taho." Ya ce a ci gaba da zuba ruwa mai sanyi a wuya da ciki da cinyoyi, a yi masa fifita da ƙarfi, kada a lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tawul don yana riƙe zafi a jiki, kada a ɗura masa ruwa a baki don zai shaƙe. Yara biyu da mafici, ni da moɗa, ina aunawa lokaci-lokaci. Da ya sauko 39 da rabi aka ce mu tsaya, kada sanyin ya wuce gona da iri. Sannan na sa shi a adaidaita, jikinsa a jiƙe iska na bugunsa, muka je aka sa masa ƙarin ruwa ta jijiya. Jika 12 aka kashe ranar. Likita ya ce in sa ido a kan fitsarinsa da amai da kashinsa na 'yan kwanaki, domin irin wannan zafi yakan taɓa ƙoda da hanji bayan an ɗauka an tsira. Allah ya taƙaita.

Ban yi barci ba daren nan, ina tashi ina leƙa shi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ba gudu ya yi ba, ba a rana aka bar shi ba, a inuwa yake kwance da ruwa a gabansa. Karen maƙwabta da ke kwana a ƙarƙashin amalanke ko a jikinsa. Madam ta aiko da kuɗi na sayi fanka mai aiki da hasken rana da batirinta, jika 35. Na ƙara zana a rufin rumfar, don rufin kwano ko kusa bai dace ba, na zuba yashi ina jiƙa shi safe da rana, na ajiye masa tulu nasa. Yawo ya koma bayan sallar asuba kawai, gajere, sai kuma bayan isha'i in iska ta sauko. Kafin mu taka kwalta ko dutse sai na ɗora bayan hannuna a kai, in ban iya jurewa ba shi ma tafinsa ba zai jure ba. Wasan guje-guje da yara an dakatar da shi har ruwan farko. Shi bai san ya tsaya ba, zai bi ƙwallo har ya faɗi, mutum ne zai tsayar da shi.

Da damina ta kankama wata sabuwa ta ɓullo. Na ga wasu ƙuraje a cikinsa da cinyarsa, kowanne da ɗan rami a tsakiya, yana ta lasa. Likita ya shafa bazalin ya toshe ramin, ya jira kaɗan, ya matsa, sai ga farar tsutsa mai kauri ta fito tana motsi. Wani ƙuda ne ke yin ƙwai a yashin inuwa wanda fitsari ya taɓa, tsutsar ta huda fata ta shiga ta girma. Yashin da ya cece shi a bazara shi ne ya zama gidanta. Na kwashe shi na daɓe wurin da siminti, tsumman kwanciyarsa kuma ana shanya shi a igiya cikin rana, ba a ƙasa ba. Kaska ma ta yi yawa a lokacin, tana maƙalewa a kunne da tsakanin yatsu. A nan ina jan kunnen kowa: a kasuwa za a miƙo maka maganin wankan shanu ko allurar da ake yi wa tumaki a ce ai duk ɗaya ne. An haɗa su ne don dabba mai nauyin ɗaruruwan kilo ko gomomi, kuskure kaɗan a awo ya isa ya kashe kare mai kilo 8. Wanda likita ya rubuta ɗan bututu ne da ake matsewa a fatar ƙeya gwargwadon nauyin kare, duk wata, jika 4. Haka maganin ciwon jiki na mutane, musamman ibuprofen, guba ne gare shi. Ya kuma koya mini ɗaga leɓensa in duba dasashi: ja-ja mai haske lafiya, in ya yi fari ga kasala ga ƙin abinci, zazzaɓin kaska ne ake zargi, a kawo shi ranar.

Maganar tiyata ta taso bayan abin da ya faru a bazara. Akwai aikin da ake yi musu, a faɗaɗa ƙofofin hanci a rage naman ganɗar da ya yi tsawo. Likitanmu ya faɗa mini gaskiya cewa ba shi da kayan sa barci da na iskar numfashi da irin wannan aiki ke buƙata, kuma waɗannan karnuka sun fi kowa haɗari a lokacin farfaɗowa daga maganin barci. Ya haɗa ni da wani abokin karatunsa a Yamai. Na ɗauki bidiyon Guntu yana kwance, da kuma bayan 'yar tafiya ta minti uku, da hoton hancinsa daga kusa, na tura. Amsar ita ce aikin zai taimaka amma ba zai mai da shi karen gida ba, kuma tafiyar kusan kilomita 900 ita kanta haɗari ce in ba a mota mai sanyi ba kuma a lokacin sanyi. Muka yi shawara da Madam aka bar maganar zuwa Disamba, aka ce a ci gaba da rage ƙiba. Da ya sauko kilo 8 da rabi ƙarar ta ragu ƙwarai, har ya daina barci a zaune da kai a ɗage, wanda ashe shi ma alamar neman iska ce.

Game da halinsa, ba ni da abin zargi. Bai taɓa cizon kowa ba, har ƙaramin ɗana da ke jan wutsiyarsa mai naɗi. Ba ya haushi sai jefi-jefi, ɓarawo ma in ya shigo rakiya zai yi masa. Abin da ba ya jurewa shi ne kaɗaici. Duk inda uwargida ta zauna tana tsintar shinkafa, yana nan a gefen tabarma, daidai iyakar da aka yi masa. An ƙirƙiro irinsu ne don zama kusa da mutum: daga ƙasar Sin suka fito, inda aka riƙe su a gidajen sarauta, 'yan kasuwar Holan suka kai su Turai a ƙarni na 16, har Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta yi kiwonsu. Yana da taurin kai wajen koyo, tsawa ba ta aiki a kansa, amma da ɗan yankan karas a hannu zai zauna zai kwanta. Gashi kuwa yana zubarwa ba kaɗan ba, kullum sai an share. Wani lokaci yakan sandare ya yi ta jan iska ta hanci da ƙara mai ban tsoro na 'yan daƙiƙu. Likita ya ce atishawa ce ta juye, a shafa masa maƙogwaro a hankali za ta wuce, ba ita ce abin tsoro ba matuƙar harshe bai sauya launi ba.

Samari sukan tare ni su ce in an sami mace a haɗa su a ba su ɗa, sun ga irinsa a TikTok. Amsata a'a ce, kuma ba rowa ba ce. Matan irin nan sau da yawa ba sa iya haihuwa da kansu saboda girman kan 'ya'yan, sai an yi musu aiki. Ƙasar Holan da ta fara kai su Turai ma tun 2019 ta hana haɗa karnukan da tsawon bakinsu bai kai kashi ɗaya cikin uku na ƙoƙon kai ba. In can da sanyinsu sun ga abin ya zama cutarwa, ban ga hujjar ƙara yawansu a garin da rana ke kai 40 wata da watanni ba. Wanda yake buƙatar kare don gadi ko garke, karen gida ya fi dacewa da ƙasar nan nesa ba kusa ba, a yi masa allurar hauka a ba shi abinci, shi ke nan.

Wanda kuma ya riga ya sami irin wannan a hannunsa, ya fara da neman lambar likitan dabbobi guda ɗaya ya riƙe shi, ya kira kafin ya fita, ya nemi a ba shi lokaci da sassafe, musamman daga Maris zuwa saukar ruwa. Ya ɗauki hoton kowane shafi na karne ya ajiye a waya, ya rubuta ranar allura ta gaba a inda zai gani, ya fara neman allurar tun da sauran mako biyu don mai yiwuwa sai an yi oda. Ya tanadi ma'aunin zafi da auduga da ruwan wanke ido a wuri guda, ya kuma koya wa duk mutanen gidan, ba shi kaɗai ba, abin da za su yi in harshen kare ya sauya launi, domin abin yakan faru ne lokacin da mai shi ba ya nan. A lissafina, tsakanin abinci da maganin kaska da na tsutsa da ruwa, wata ba ya cin ƙasa da jika 20, ban da abin da ya faɗo ba zato. Fankar da ba ta dogara da wutar gari ba kuwa a saye ta tun a Fabrairu, kafin farashinta ya tashi.